Awon Ƙarfin Yaro Ba Duba Ba Ne

Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma da wannan karin magana ake yanke wa yara da yawa hukunci a filayen wasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili a cikin birnin Kano ranar tantance 'yan wasa, ko a wajen Ƙofar Mata ko a filin wata makaranta da ke jikin ganuwa, ya san yadda abin yake tafiya. A jera yara, a sa su gudu, koci ya dubi tsawo da faɗin ƙirji, kafin rana ta yi sanyi an ware waɗanda aka ce za su yi, an sallami sauran. Ƙasashen da suka fi mu kuɗi ma haka suke yi, sai dai su da na'ura da kwamfuta. Abin da ya kamata iyaye da malamai su sani shi ne, awon ƙarfin jiki yana faɗin gaskiya game da yaro a yau, yana kuma iya hasashen tseren da zai yi a wata mai zuwa, amma idan aka ce ya faɗi wanda zai zama gwarzo nan da shekara goma, an ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Wasan da ya fi fito da wannan a fili shi ne tseren kwale-kwalen kayak, duk da cewa ba wasan cikin birni ba ne. A can hanya miƙaƙƙiya ce, kowa da layinsa, babu abokin wasa da zai hana ka ƙwallo, babu busar alƙali da za ta juya sakamako, agogo ne kaɗai ke magana. Idan hasashe ya yi tuntuɓe a wuri mai sauƙin lissafi irin wannan, to a ƙwallon ƙafa da dambe da kokawa sai abin da ya ƙaru.

Kayak ɗin tsere siriri ne ƙwarai. Na mutum ɗaya bai wuce santimita 520 a tsawo ba, nauyinsa kuma ba ya gaza kilo 12, faɗinsa da ƙyar yake ɗaukar ƙugun matuƙin. A zaune ake tuƙa shi, da filafili mai baki biyu, ana sara ruwa dama da hagu. Akwai ɗan'uwansa da ake tuƙawa a durƙushe kan gwiwa ɗaya da filafili mai baki ɗaya, wanda ya fi kama da tuƙin masuntanmu. Tun gasar Berlin ta 1936 ake wannan tsere a Olamfik, kuma nisan da aka saba yi shi ne mita 200 da 500 da 1000. Gwanayen maza suna cinye mita 200 a cikin daƙiƙa 35 ko kusa da haka, mita 1000 kuma a cikin kusan minti uku da rabi. Wannan bambancin lokaci yana da muhimmanci, domin jiki ba da rumbu ɗaya yake aiki ba. A gajeren tsere, yawancin ƙarfin daga abin da tsoka ta tanada yake fitowa, wanda ke ƙonewa nan take ba tare da jiran numfashi ba. A mita 1000 kuwa, kaso mafi yawa ya dogara ne ga yadda huhu da zuciya ke kai iskar oksijin ga tsoka. Saboda haka gwaji ɗaya ba ya wadatar da duk nisan.

Gwaje-gwajen da ake yi ba wani sihiri ba ne. A kwantar da yaro rubda-ciki kan dogon benci mai tsayi, hannuwansa na lilo, a ajiye ƙarfe mai nauyi a ƙasa, ya riƙa jawo shi har ya bugi cikin bencin, ana ƙirgawa. Ƙirji ba ya ɗagawa, ƙafa ba ta taimako, kafaɗa da gadon baya ne kawai ke aiki. A sa shi ya rataya a ƙarfe ya riƙa ɗaga kansa, ya jefa ƙwallo mai nauyi ta saman kai a auna inda ta faɗi, a auna tsawonsa a tsaye da a zaune, da faɗin hannuwansa idan ya ware su. Don auna numfashi akwai gudun minti 12 da likitan sojan saman Amurka Kenneth Cooper ya fito da shi a 1968, da gudun kai-komo na mita 20 da Luc Léger ya tsara a Kanada, wanda ƙara ke ba da umarnin juyawa tana ƙara sauri har yaro ya gaza. Masu hali suna da na'urar da ke kwaikwayon tuƙi a tudu, a rufe wa yaro hanci da baki da abin shaƙa, kwamfuta tana lissafa iskar da ya sha. Kuma a yi adalci, waɗannan awo suna aiki. Idan aka ɗauki yara talatin aka auna su yau, aka sa su tsere mako mai zuwa, yawanci waɗanda suka fi ja da jifa da juriya su ne za su riga isa. Da a nan maganar ta tsaya, da babu gardama.

Matsalar tana cikin abin da awon yake aunawa a ɓoye. Masu bincike a Sifaniya da suka auna matasan matuƙa 'yan shekara goma sha 'yan kai sun tarar cewa daga cikin abubuwan da suka fi nuna wanda zai yi sauri akwai nisan da yaro ya yi a hanyar balaga. Wato sau da yawa, wanda ya fi ja da jifa ba wani sirri ne da shi ba, riga tsaransa girma ya yi. Yawancin 'yan mata suna yin tsirin girma wajen shekara 12, maza wajen 14, inda yaro kan ƙaru da santimita 8 zuwa 10 a shekara ɗaya, daga baya tsoka ta biyo. Amma wannan matsakaici ne kawai. Yara biyu da aka raɗa wa suna a mako ɗaya suna iya bambanta da shekara uku ko fiye a girman jiki, ɗaya murya ta buɗe gashin baki ya fara tsirowa, ɗaya har yanzu da muryar ƙuruciya. Manomi ya san gero yana riga dawa nuna. Wanda ya shiga gona lokacin da gero ya fitar da kai, ya ce dawa ba ta da amfani a tuge ta, ranar kaka zai gane abin da ya yi wa kansa. Fifikon da saurin balaga ke bayarwa na aro ne. Zuwa shekara 18 ko 19 kowa ya gama girma, sai a ga wanda ya saba cin tsere da ƙarfin tuwo bai koyi dabara ba, wanda kuma aka raina, in dai bai yi zuciya ya bar wasan ba, ya daɗe yana koyon yadda ake cin nasara ba tare da girman jiki ba.

Wannan ba zato ba ne. Tun 1985 Roger Barnsley da abokan aikinsa suka lura cewa a wasan hokin ƙanƙara na Kanada, waɗanda aka haifa a farkon shekara sun fi na ƙarshen shekara yawa nesa ba kusa ba, kuma daga baya an ga haka a ƙwallon ƙafa da wasanni da dama. Ba wai watan Janairu yana da wata baiwa ba. Idan rukuni ya fara daga 1 ga Janairu, ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda, sai a zaɓe shi, a ba shi koci mai kyau da wasanni masu yawa, har zaɓen ya gaskata kansa. A 2023 kuma, Arne Güllich na Jamus da abokansa suka tattara bincike masu yawa a kan wasanni daban-daban, suka tarar kashi 89 cikin ɗari na waɗanda suka kai matakin ƙasa da ƙasa a rukunin 'yan shekara 17 da 18 ba su kai wannan mataki ba da suka zama manya, sannan kashi 82 cikin ɗari na manyan da suka kai ba su taɓa kaiwa ba a ƙuruciya. A lura, wannan sakamakon gasa ce ta gaske, wadda ta fi jan ƙarfe a benci kusa da abin da ake nema. Mu kanmu shaida ne. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai ta, amma babbar ƙungiyarmu ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 a kofin duniya ba. Daga cikin yaran nan an sami Nwankwo Kanu da Victor Osimhen, sai dai sunayen da aka manta sun ninka waɗanda ake tunawa.

Za a ce ai wannan na Najeriya zancen rage shekaru ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai hakan ƙara wa hujjar ƙarfi yake yi, domin duk teburin da ake gwada yaro da shi an gina shi ne kan cewa an san ranar haihuwarsa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. A gidaje da yawa na cikin birni, shekarun yaro da watan Musulunci ake tuna su, ko da wani abu da ya faru a unguwa, sai ranar da ake neman takarda a je kotu a rantse. A gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, hukumar FIFA ta shigo da hoton MRI na wuyan hannu. Akwai wani siririn guringuntsi kusa da ƙarshen ƙashin hannu, inda ƙashi ke tsawo, wanda yake rufewa idan girma ya ƙare. In hoto ya nuna ya rufe ruf, sai a ce yaro ya wuce shekarun. A 2016 'yan wasa 26 na Najeriya suka faɗi wannan gwaji gab da wasa da Nijar. To amma na'urar ba ranar suna take karantawa ba, nunar ƙashi take gani. Mai gaskiya da ya yi saurin girma tana iya kayar da shi, mai jinkirin girma da ya rage shekaru kuma ya tsallake.

Akwai kuma abin da yaro ya ci. Wancan bincike na 2018 ya ce kashi 37 cikin ɗari na ƙananan yaran Najeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya kai kashi 57. Ƙarancin abinci mai gina jiki yana jinkirta balaga, ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro kuma suna rage juriya. Yaron da ya zo gwaji da kokon safe kawai a cikinsa, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, bayan ya ɗebo ruwa ya kai tallan gida, ba a ma'auni ɗaya yake da wanda aka sauke a mota ba. Agogon yana cewa wane ya fi wane sauri, alhali rabin abin da ya auna tukunyar gidajensu ce.

Wani abu kuma benci ba ya ganinsa ko kaɗan. Mai kallo yana zaton da hannu ake tuƙa kayak, amma gwani da ƙafa yake farawa: ya dafa diddige a matakin da ke gaban jirgin, ƙugu ya juya, gangar jiki ta biyo, hannu isar da saƙo kawai yake yi. Bakin filafili ya shiga ruwa tsaf ba tare da fantsama ba, ya kama ruwan kamar an kafa turke, sai matuƙi ya ja jirgin ya wuce wurin, ya zare kafin ya kai ƙugu, kuma ya maimaita haka fiye da sau ɗari a minti ɗaya a kan abin da sabon shiga ba ya iya zama a kai ba tare da ya kife ba. Ƙaton da ya fi kowa jan ƙarfe yana iya ɓarnatar da ƙarfinsa wajen dukan ruwa. Lisa Carrington ta New Zealand, wadda ta ci zinare 8 a Olamfik daga 2012 zuwa 2024, tsawonta bai kai na yawancin abokan karawarta ba, kuma a wasan ceton masu nutsewa a bakin teku ta taso. A ƙasar Hausa ma akwai masu irin wannan sani. Ɗan Sarkawa da ya tashi a bakin Matan Fada a Argungu, inda ake tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwa a bikin kamun kifin da UNESCO ta karrama a 2016, ko yaron Gungawa da ya girma yana kallon Rigata a Yawuri, ya san halin ruwa tun kafin ya iya karatu. Babu teburin awo da ke da gurbin rubuta wannan.

Hujja mafi nauyi da masu kare zaɓe da awo suke kawowa ita ce, ai an gwada an ga amfani. Ostareliya ta shiga makarantu a ƙarshen shekarun 1980 tana auna ɗalibai, ta tsinto Megan Still wadda ba ta taɓa tuƙi ba, ta ci zinare a Atlanta a 1996 a tseren jirgin da ake tuƙawa ana ba gaba baya. Birtaniya ta buɗe irin wannan shiri a 2007, ta sami Helen Glover, wadda ta fara tuƙi a 2008 ta ci zinare a Landan a 2012. Duk gaskiya ne, amma a dubi yadda abin ya kasance. Shirin Birtaniya 'yan shekara 16 zuwa 25 ya nema, mutanen da girma ya ƙare ko ya kusa, kuma Glover ta haura ashirin, ta riga ta yi gudu da wasanni iri-iri. Dubbai ne suka nema, kaɗan suka fita, aka zuba musu kuɗi da ƙwararrun masu horarwa shekara da shekaru, har ba a iya rabe aikin awo da aikin horo. Ga kuma abin dariya: an ce mace sai ta kai santimita 180, ita kuwa Glover da bakinta ta faɗi cewa ɗage ta yi a kan 'yan yatsun ƙafa ranar awo don ta cike gibin. Da mai awon ya tsananta, da ƙa'idar ta kori wadda ta zo ta ci zinare biyu. Masu kawo misalin Jamus ta Gabas, wadda ta auna yaran makaranta kusan kakaf ta kuma fitar da gwanaye a ruwa, su tuna cewa gwamnatin ƙasar ta gudanar da shirin ɗura wa 'yan wasa ƙwayoyin ƙara ƙarfi, har da ƙananan yara, don haka lambobinta ba sa zama shaida mai tsabta.

Hujja ta biyu ta fi kusa da mu. Kuɗi kaɗan ne, jirage da takalma da gurbin sansani ba sa isar kowa, dole a zaɓa, kuma awo ko da gurgu ne ya fi a ce ɗan wane ne ko ɗan unguwar wane. Wannan haka yake, kuma wanda ya san yadda alfarma ke cin gurbin mai rabo ba zai so a jefar da agogo ba. Gyaran yana wajen yadda ake amfani da shi. Awon rana ɗaya bai isa a sallami ɗan shekara 13 ba. A auna shi duk bayan wata uku, a gwada shi da kansa na baya, domin saurin da yaro ke ƙaruwa idan an koya masa abu ya fi matsayinsa na ranar farko ba da labari. Akwai lissafin da Robert Mirwald da abokansa suka fitar a Kanada a 2002, mai haɗa tsawon tsaye da na zaune da nauyi da shekaru don ƙiyasta ko yaro ya kai tsirin girmansa. Sai dai a kan yaran Turawa aka gina shi, yana kuskure a kan masu saurin girma da masu jinkiri, kuma yana bukatar ranar haihuwa ta gaskiya. A Kano, tef da bango da littafin rubutu sun fi shi amfani, domin wanda ake auna tsawonsa sau huɗu a shekara, tsirin girmansa da ido za a gan shi. Daga nan sai a riƙa haɗa yara wasa bisa girman jiki a wasu ranaku, kamar yadda makarantun ƙwallo na Ingila suka gwada, babba ya haɗu da daidai shi ya koyi dabara, ƙarami ya sami sarari ya nuna tasa. Wanda aka ajiye bana kuma a sake kiransa baɗi, a kuma gaya masa da mahaifinsa a fili cewa jinkiri ne, ba kora ba.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Bakano da kwale-kwale, birnin da ruwansa Jakara ce da kududdufan da aka haƙa don ginin ƙasa, waɗanda yawancinsu ma an cike an yi gini. Amma jihar tana da Tiga, da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, tana da Challawa a Ƙaraye da Watari a Bagwai, ruwa kwantacce mai faɗi irin wanda wannan tsere ke so. Najeriya kuma ta riga ta shiga fagen: Jonathan Akinyemi ya wakilce ta a Olamfik na 2012 da 2016, Ayomide Bello ta je Tokyo da Paris. Idan wata rana aka ɗebi yaran Dala da Gwale da Jakara zuwa Tiga, gwajin da ya halatta ya hana yaro shiga jirgi ba jan ƙarfe ba ne, iyo ne. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Yaro ya iya iyo da tufafi a jikinsa, ya iya fitowa daga ƙarƙashin jirgin da ya kife, ya sa rigar da ke hana nutsewa. Bayan wannan sai likita: a saurari zuciya, a duba ƙarfin jini, a gwada jininsa saboda sikila, tunda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya na ɗauke da ƙwayarta kuma matsanancin gudu a zafi da ƙishirwa na iya yi wa wasunsu illa. A riƙa duba fitsari kuma saboda tsargiya, wadda ke bin masu shiga ruwan dam da kududdufi, take kuma shanye jinin yaro a hankali har a zaci ragwanci ne. Waɗannan gwaje-gwaje amsarsu ta yau ce kuma ana iya aiki da ita yau, asibitocin cikin gari suna yin su, kuma tsargiya magani take ji.